Darasi Na 7: Kada Yaro Ya Tsumbure

Ku buɗe littafinku, ku sa yatsa a layin farko, mu karanta tare a hankali.

Tsumburewa ita ce yaro ya kasa kai tsayin da ya dace da shekarunsa. Tana iya farawa tun yana ciki, in kuma ya wuce shekara 2, gyaranta da wuya. Daga shigar ciki zuwa cikarsa shekara 2, kwana 1,000 ke nan.

Mataki na 1: Nono zalla

Da an haihu, a sa jariri a nono cikin awa ɗaya. Dakashi, wato nonon farko mai kauri ruwan ɗorawa, kada a matse shi a zubar. Shi ke kare jariri daga cuta.

Daga nan har wata 6, nono kaɗai. Ban da ruwa. Ku maimaita: ban da ruwa. A nan aka fi tuntuɓe, don haka kada wadda ta ji kunya. Za ku ce ana zafi, jaririn na jin ƙishi. Mafi yawan nono ruwa ne, ya ishe shi ko a watan Afrilu. In yana kuka, ƙara masa nono, ke kuma ki sha ruwan. Ruwan randa na iya jawo masa gudawa, gudawa kuma ita ke hana shi girma. Ko cokali ɗaya, ko na jiƙo, ko na rubutu, a dakata sai ya cika wata 6. In kaka ta matsa, a ce: "Inna, ki yi haƙuri, malamar asibiti ta hana."

Haba jama'a! Mako bayan mako ana faɗa, sai a amsa "to Malama", a koma gida a ɗura wa jariri ruwa. Ku rubuta a allonku sau 3: ba ruwa sai wata 6.

Mataki na 2: Bayan wata 6

A ci gaba da nono har shekara 2, a fara kunu. Ya yi kauri, in an karkata cokali kada ya tsiyaye. A haɗa gero da waken soya da gyaɗa, a soya kafin a niƙa. In akwai ƙwai, kifi ko zogale, a ƙara. Daga wata 6 zuwa 8, sau 2 ko 3 a rana. Daga wata 9, sau 3 ko 4. A wanke hannu da sabulu.

Mataki na 3: Awo

In ma'aikaciyar lafiya ta zagayo unguwa, a fito da yaro da katinsa. In igiyar awon damtse ta nuna ja, a tafi asibiti ranar.

Mataki na 4

A ba yaro bitamin A duk bayan wata 6. A tambayi ma'aikaciyar ranar da ake bayarwa.