Yadda Ake Haɗa Karatun Aji Da Na Waya A Kwaleji Ba Tare Da Ɗalibai Sun Watse Ba

Tun daga kullen korona na 2020, bita kan koyarwa ta intanet ta zama ruwan dare a manyan makarantunmu. A tara malamai a ɗakin taro, a haska musu allo, a raba lemo, kowa ya fito da zumuɗi ya buɗe wa ajinsa zauren WhatsApp. Mako biyu na farko zauren na ta tashe. Kafin a kai tsakiyar zango, babu abin da ke shigowa sai katin ɗaurin aure da sanarwar rasuwa. Malam ya ce yaran yanzu ba su son karatu, ya koma wa allo da alli.

Tsarin da nake magana a kai bai soke shiga aji ba. Raba aikin ake yi: bayani ya tafi waya, ɗalibi ya saurara a lokacin da ya samu, sa'o'in aji kuma a yi aiki da abin da aka ji. Ba zan tsaya koya maka buɗe zaure ko tura fayil ba, ɗan autanka ma ya iya wannan. Wuraren da na ga abin yana rushewa a hannun sababbin shiga su zan bi.

Mataki na farko: san wayoyin da ke ajinka

Kafin ka tura komai, a lakcar farko ka sa kowa ya yago rabin takarda ya amsa tambaya uku: wace irin waya ke hannunsa, tasa ce ko ta aro, kuma a ina yake kwana lokacin karatu. Kada ka ce masu babbar waya su ɗaga hannu. Mai ƙaramar waya mai madanni zai ɗaga don kunya, kai kuma ka tafi da lissafin ƙarya.

Amsoshin za su bambanta daga makaranta zuwa makaranta. Ajin da ke Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau, wadda ta mata ce zalla, ba zai rasa matan aure da ke jiran maigida ya dawo kafin su samu waya ba. A Maru, ko Kaura Namoda, ko Talata Mafara, akwai waɗanda ranar Juma'a suke tafiya ƙauye, inda sai an hau tudu ake samun sabis. Da wannan bayanin za ka raba ajin rukuni-rukuni, mutum biyar ko shida, kowane rukuni da aƙalla mutum biyu masu Android. Biyu na ce. Waya ɗaya tana iya kwana a shagon mai caji, ko ta faɗa ruwa.

Mataki na biyu: manhaja ɗaya, ba biyar ba

WhatsApp za ka yi amfani da shi wajen isar da darasi, domin shi ne kowa ya riga ya iya, kuma kamfanonin waya na sayar da ƙaramar data ta musamman dominsa. Zaure biyu za ka buɗe. Na farko ka kulle shi, kai da wakilin aji kaɗai ke iya rubutu, nan darasi ke sauka. Na biyu na tambaya da surutu ne. Duk wanda ya haɗa su wuri ɗaya, darasinsa zai nutse a ƙarƙashin "Juma'a Mubarak" ɗari biyu.

In makarantarku tana da Moodle, wato dandalin koyarwa ta intanet, kuma da gaske yana aiki, madalla, manhajarsa ta waya tana bari a sauke darasi a karanta ba tare da intanet ba. Amma kada ka jira sashen kwamfuta ya ba ka lambar shiga, zango zai ƙare kana jira. Google Classroom yana da tsari mai kyau, sai dai za ka sha fama da waɗanda suka manta kalmar sirrin Gmail ɗinsu, don a shago aka buɗe musu. Zoom kuwa ka manta da shi. Na kyauta minti 40 yake yi ya katse, yana shan data, kuma yana tilasta kowa ya samu caji da sabis a lokaci ɗaya, abin da ko malaman kansu ba su da tabbacinsa.

Mataki na uku: ƙanana, marasa nauyi

Darasin mako guda shi ne saƙon murya na minti biyar zuwa bakwai, da PDF mai shafi biyu. Iyakarsa ke nan. Saƙon murya irin wannan nauyinsa bai cika wuce megabait ɗaya ba, alhali bidiyon minti goma da ka ɗauka da kyamarar waya yana iya cin ɗaruruwan megabait. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a farkon 2025, ɗalibin da ya ga fayil mai nauyi ba ya ko taɓa shi. Ko yana da datar, wayar ta cika da hotuna, ba wurin ajiyewa.

Ka yi naɗin bayan sallar asuba, ka kashe fanka, ka rufe taga. Ka rubuta maki uku da za ka faɗa a takarda, ka yi magana kamar ɗalibi ɗaya ne zaune gabanka a ofis. Kalmomin fanni ka bar su da Turanci yadda za su fito a jarrabawa. Bayani kuma in ajin duk suna jin Hausa ka warware da ita, in akwai waɗanda ba sa ji ka tsaya kan Turanci mai sauƙi. Bidiyo sai inda dole ido ya gani, kamar haɗa wayar lantarki ko yanka yadi, shi ma kada ya wuce minti biyu.

Kuma don Allah a daina ɗaukar tsohuwar takardar darasi hoto a turo. Shafin ya karkace, inuwar hannun malam ta rufe rabin sakin layi, ɗalibi na ta ja da yatsu biyu a kan fasasshen gilashi. Ka buga shi, ka ƙara girman rubutun. Sunan fayil ya faɗi abin da ke ciki, kamar "Mako 3, Manufofin Darasi". Ka tsayar da rana ɗaya ta turawa, kwana uku kafin lakca, kada ka saɓa. Mai turawa ƙarfe sha ɗayan dare ana gobe lakca bai tura komai ba.

Mataki na huɗu: ranar lakca

Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne masu bita ba sa kaiwa.

Malam ya yi duk abin da ke sama, ya shigo aji ranar Talata ya ce, "Kun saurara?" Aji ya yi tsit. Can baya wani ya ce, "Malam, wallahi ba data." Wata ta ce wayarta na wajen caji. Tausayi ya kama malam, ko kuma tsoron kada manhajar karatu ta tsaya, sai ya juya ga allo ya maimaita darasin daga farko har ƙarshe. A wannan awa ɗaya ya kashe tsarin da hannunsa. Wanda bai saurara ba ya gane bai yi asarar komai ba. Wadda ta sayi data da kuɗin abincinta ta saurara, ta gane ita ce ta yi wauta. Mako mai zuwa ita ma ba za ta buɗe ba.

Saboda haka doka ta farko: abin da ka tura a waya ba ka maimaita shi a aji. Ka faɗa musu wannan tun ranar farko, ka sake faɗa a zaure.

Doka ta biyu: minti goma na farkon kowace lakca na tambayoyi biyar ne, a rabin takarda, daga saƙon muryar da PDF ɗin kai tsaye. Ba masu wahala ba. Duk wanda ya saurara sau ɗaya ya kamata ya ci huɗu. Ka ware musu maki goma daga cikin 40 na CA, wato gwaje-gwajen cikin zango, ka tara na duk zangon ka raba. Maki ne kaɗai yaren da ɗalibi ke ji ba tafinta. Gyaran kuma ba kai za ka kwasa zuwa gida ba, aji mai mutum ɗari biyu zai kwantar da kai. Layin gaba su miƙa wa na baya, ka karanta amsoshi, kowa ya gyara na wani ya sa hannu, ka karɓa. Kowane mako ka zaro guda ashirin ka duba da kanka a gabansu, don masu yi wa abokai alfarma su san ana gani. Wannan takardar ita ce kuma rajistarka ta halarta, ka huta da kiran suna.

To masu cewa ba data fa? A makon farko kaɗai, ka ba kowane rukuni minti bakwai su fita gindin bishiya su saurara a waya ɗaya. Ka ce musu yau ne na ƙarshe. Daga nan duk wanda ya kawo wannan uzurin, tambayarka ɗaya ce: "Wa ke da darasin a rukuninku?" Da Xender ko Bluetooth ake tura shi, ba a kashe ko kwabo. Mako na biyu zai yi zafi, za a yi gunaguni, wataƙila har wakilin aji ya biyo ka ofis da roƙo. Ka saurare shi da mutunci, ka tambaye shi ko akwai rukunin da ba su da waya ka sake musu rabo, amma kada ka janye. Mafi yawan malaman da na gani a nan suke sakin layi, alhali a mako na uku zuwa na huɗu ne ajin ke miƙewa.

Sauran lokacin lakcar kuma dole ka zo da aikin da za a yi, in ba haka ba za ka tsinci bakinka yana maimaita lakca ba ka sani ba. Ɗauki misalin masu NCE da ke koyon rubuta tsarin darasi kafin fita koyarwar gwaji. A waya ka riga ka bayyana musu cewa manufar darasi ana rubuta ta da aikin da ido zai gani, ɗalibi ya lissafa, ya zana, ya bambance, ba "ya sani" ko "ya fahimta" ba. A aji sai ka ba kowane rukuni maudu'i daga littafin firamare, wannan sassan tsiro, wancan haɗa lambobi, ka ce a rubuto manufa uku cikin minti goma sha biyar. Kai kuma ka ratsa tsakanin kujeru kana leƙawa. Za ka ga "ɗalibai su fahimci sassan tsiro" a takarda bayan takarda, daga mutanen da suka ci biyar bisa biyar a tambayoyin ɗazu. Ka kira rukuni biyu su rubuta nasu a allo, aji ya gyara musu, ka tambayi mai gyaran dalilinsa. Wannan kuskuren da lakca kake yi ba za ka gan shi ba sai a takardar jarrabawa, ko ranar da ka je duba su a makarantar da aka tura su. Minti goma na ƙarshe ka yi bayani a kan abin da ka ga ya gagare su kaɗai.

Mataki na biyar: shirin ranar da babu sabis

Mu a Zamfara ba sai an ba mu labari ba. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a duk faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka shafe makonni sai mutum ya tsallaka wata jiha kafin ya yi kira. Duk tsarin da ya rataya kacokan a kan intanet ya tsaya a ranar. Don haka ka riƙa gaba da ajinka da darasin mako uku, ka zuba su a katin ajiya na waya, wato memori, kwafi ɗaya wajen wakilin aji, ɗaya a ofishin sashe. Katin ba shi da tsada, amma ka saya a shagon da ka sani, jabu sun yi yawa. PDF ɗin ma ka ajiye bugagge a shagon fotokofi na makaranta, mai so ya biya kuɗin takarda kawai. Kada kwabo ya shigo aljihunka ta nan, in ba haka ba za a ce sayar da takardun darasi ka dawo da shi ta bayan gida.

Sauran abubuwa

Google Forms yana gyara tambayoyin zaɓi da kansa, yana da amfani wajen bitar ƙarshen wata. Ka sani dai mutum ɗaya zai iya amsa wa rukuninsa duka, don haka kada ka ɗora masa maki mai yawa. Aikin gida a karɓa a takarda, hotunan rubutun hannu ɗari biyu a wayarka azaba ce. Tambayoyin zaure ka tara su ka amsa sau ɗaya a rana da saƙon murya guda. Ba ka amsa saƙon ɗaliba ko ɗalibi ta bayan fage, komai a zaure, kuma bayan isha'i ka rufe. Ka sanar da shugaban sashe a rubuce yadda ka raba makin CA tun kafin zango ya yi nisa, ka sa shi a zauren farko in ya yarda. Fayilolin kuma ka adana su a Google Drive da lambar kwas da shekara, badi gyara kawai za ka yi.