Yadda Ake Rage Kyarkyarar Kaza a Gidan da ke Tsakiyar Unguwa

Na sha ganin mutanen da suka fara kiwon kaji biyu ko uku a tsakar gida cikin marmari, amma kafin a je ko'ina sun sayar ko sun yanke, saboda kaza ɗaya ta addabi maƙwabta da kuka tun kafin gari ya waye. A ƙauye babu mai ɗaga kai don kaza ta yi kyarkyara, amma a unguwannin Kano ko Kaduna ko Maraɗi, inda katanga ɗaya ce tsakanin akurki da tagar ɗakin maƙwabci, abin yakan kai ga ɓacin rai, musamman a gidan haya ko inda ake da jariri ko mai jinya. Babu dabarar da za ta sa lafiyayyiyar kaza ta yi shiru ɗungurungum, amma ana iya rage kukan sosai, a kuma matsar da shi daga asuba zuwa hantsi, lokacin da hayaniyar gari ta riga ta tashi.

Matakin farko shi ne a saurara, kada a canja komai na kwana biyu ko uku. Mai kiwo ya lura da lokacin da kukan ke farawa, da inda kazar take a lokacin, da abin da ke sa ta daina. Kyarkyarar da kaza ke yi bayan ta saka ƙwai tana da tsari, gajeru da yawa a jere sannan doguwa mai ƙarfi, kuma takan ƙare cikin 'yan mintuna. Masana da dama na ganin gado ce daga kazar daji ta kudu maso gabashin Asiya, wadda daga gare ta kajin gida suka samo asali: takan ware daga garke ta je ta saka ƙwai a ɓoye, in ta gama sai ta yi kira don ta sake haɗuwa da 'yan uwanta. Wannan ba a hana ta. Kuma da yake ƙwai ɗaya na ɗaukar sa'o'i 24 zuwa 26 kafin ya kammala a cikin kaza, lokacin sakawar yakan riƙa matsawa gaba kaɗan kowace rana, har ya kai la'asar, sannan ta tsallake kwana guda ta koma safiya. Akwai kuma dogon kuka mai kama da mita, wanda take yi tana kai da kawowa, akwai na firgita mai kaifi wanda sauran kaji ke amsawa gaba ɗaya, sai kuma na kiran mai gida a bakin ƙofar ɗaki. Kowanne da maganinsa.

Mataki na biyu ba ya buƙatar dogon bayani. Idan akwai zakara, a fitar da shi, domin kaza na saka ƙwai ko babu zakara, amfaninsa kawai shi ne ƙwan ya ƙyanƙyashe. Rufe shi cikin duhu ba ya hana shi cara, don wani bincike da aka yi a Jami'ar Nagoya ta Japan, aka wallafa a 2013, ya nuna cewa agogon halitta da ke jikinsa ne ke tashe shi gab da asuba ko bai ga hasken alfijir ba. Zabi kuwa bai kamata a ajiye su a cikin gari ba sam. A ɗaya ɓangaren, kada a bar kaza ita kaɗai, domin dabbar garke ce, kuma kaɗaici na sa ta wuni tana kira. Uku sun fi biyu a wurina, don in ɗaya ta shige gurbi, sauran biyun na tare.

Na uku shi ne gurbin saka ƙwai. Mitar da kaza ke yi kafin ta saka ƙwai takan fi kyarkyarar bayansa tsawo, kuma sau da yawa dalilinta shi ne ba ta samu wurin da hankalinta ya kwanta da shi ba. Za a ga ta leƙa ƙarƙashin turmi, ta haye buhun gawayi, ta sauko, ta koma ta tsaya kan wata kazar da ta riga ta shiga gurbin, ta miƙa wuya tana ƙorafi har waccan ta fito. Gurbi ɗaya ya ishi kaji huɗu zuwa biyar, amma ni ina ba da shawarar a yi biyu ko da kajin uku ne. Faɗi da zurfi da tsayi kimanin santimita 30 kowanne ya wadatar. Ba sai an kira kafinta ba, tsohon kasko ko tulun da bakinsa ya fashe ko katan mai kauri duk suna yi, a zuba buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa, a ajiye a kusurwa mafi duhu, bakin na fuskantar bango ko gefe. A bar ƙwai ɗaya a ciki, a yi masa alama da gawayi don kada a haɗa shi da sababbi, a riƙa sauya shi bayan 'yan kwanaki. Gurbin ya kasance a cikin akurki, ta yadda in ta gama ta fara kyarkyara, bango zai tare wani ɓangare na sautin.

Na huɗu ya shafi inda akurkin yake da hasken da ke shigarsa. A fili, duk lokacin da aka ninka tazara tsakanin mai ƙara da mai ji, ƙarfin sautin na raguwa da kimanin desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), don haka matsar da akurki daga jikin katangar maƙwabci zuwa ɗaya ɓangaren gidan na yin tasirin da ake ji a kunne. Akurkin ƙasa irin na gargajiya ya fi na kwano nesa ba kusa ba, domin ƙasa na shanye sauti tana kuma riƙe sanyi, kwano kuwa ƙara amo yake yi. Wanda ya riga ya yi na kwano sai ya shimfiɗa zana a saman rufin, ya jingina wata a gefen da ke kallon maƙwabta. Haske na cikin abubuwan da ke tashin kaji, saboda haka a toshe ɓangaren gabas da buhun algarara, a kuma tabbatar fitilar tsakar gida ba ta haska cikin akurkin, domin ƙwan lantarkin da aka manta a kunne, in wuta ta dawo tsakar dare, zai sa kaji su zaci gari ya waye. A nan sai an yi hattara ƙwarai. Kaza ba ta gumi, da haki take rage zafin jikinta, kuma a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, akurkin da aka lulluɓe da leda ko tamfol na iya kashe kaji kafin safiya. A bar tagogin iska a sama, a kudu da arewa, a sa musu ragar waya.

Mataki na biyar shi ne wanda na fi ganin ana faɗuwa a kansa, kuma shi ya fi kowanne muhimmanci. Kaza ta fara kuka da sassafe, uwar gida ta ji nauyin maƙwabta, sai ta yi sauri ta ɗebo tsaba ta watsa don a samu shiru. Shirun na samuwa nan take, amma kazar ta koyi darasi guda: kuka ne ke kawo tsaba. Gobe za ta fara da wuri, ta kuma ƙara ƙarfi, domin kaji na saurin haɗa abu da sakamakonsa. Cikin mako ɗaya an samu kazar da ke tsayawa a bakin ƙofar ɗaki tana kwarmato da zarar ta ji motsin buta ko ƙarar sakata. Fitowa a kore ta da tsintsiya ma wani nau'in amsawa ne, haka nan buɗe akurki tana tsakiyar kuka.

Gyaran shi ne a raba abinci da kuka gaba ɗaya. A zuba abincin safe da ruwa a cikin akurki tun da duhu, bayan sallar asuba, kajin na kan sandarsu ba su sauko ba, a rufe a tafi ba tare da an yi musu magana ba. In sun farka za su tarar da abinci, babu dalilin kira. Kada a bar shi ya kwana a ƙasa, don zai jawo ɓeraye da gafiya. Kaza mai saka ƙwai na cin giram 110 zuwa 120 a rana, kuma wanda ke ba ta dusa zalla ya sani cewa cikinta zai cika amma buƙatarta ba ta biya ba, za ta ci gaba da nema tana mita. A haɗa mata da abincin kaji masu ƙwai ko da rabi da rabi ne in tsada ta hana a saya da yawa, a ƙara mata kwanson ƙwai da aka gasa aka daka saboda sinadarin kalsiyam. Sannan a tsayar da lokacin buɗe akurki, misali ƙarfe takwas, kuma ko lokacin ya yi, idan tana kuka a tsaya a inda ba ta ganin mutum, sai ta yi shiru na ɗan lokaci kafin a buɗe.

A kwanakin farko kukan ƙaruwa zai yi, domin dabarar da ta saba yi mata aiki ta daina, za ta ƙara ƙaimi ta gani ko za ta ci nasara. A daidai nan ne mutane ke karaya, su fito da tsaba a rana ta uku, kuma yin hakan ya fi rashin farawa muni, saboda an koya mata cewa dogon kuka mai ƙarfi shi ne ke biya. Dole kowa a gidan ya san da tsarin, har da yaran da ke jefa mata guntun tuwo don tausayi, da baƙuwar da ta zo kwana biyu. Mutum ɗaya ya karya, aikin ya koma baya. Don haka ya kamata a sanar da maƙwabta tun kafin a fara. Maigida ya tari maƙwabcinsa bayan an fito masallaci ya ce masa, "Malam, a yi mana haƙuri na mako ɗaya ko biyu, muna ƙoƙarin gyara halin kazar nan ne, za ta ɗan ƙara kafin ta rage." Uwar gida kuma ta aika da ƙwai huɗu ko biyar cikin kwano zuwa ga matar gidan. Haƙƙin maƙwabtaka ne, kuma wanda aka sanar ya fi wanda aka bari cikin duhu juriya.

Na shida, a ba su abin yi da rana. Kazar da aka tsare kan siminti babu abin tonawa za ta huce a kan kunnen jama'a. A zuba ƙaiƙayi ko busassun ganye a kusurwa, a watsa tsabar yamma a ciki don su sha aikin tono, a rataya damin zogale ko alayyafo daidai tsayin kansu. A tanadi tsohon baho da yashi da tokar murhu don wankan ƙura, wanda ke rage musu ƙwarƙwata. Ruwa ya kasance a inuwa, a sauya shi da rana tsaka a lokacin bazara. A cikin akurki kowace kaza ta samu aƙalla kusan kashi ɗaya bisa uku na murabba'in mita, don cunkoso na kawo tsattsaga da ihu.

Kukan dare daban yake, kuma shi kaɗai ne ake fita dominsa nan take, da tocila a hannu. Kaza ba ta gani sosai cikin duhu, ba ta kuma kuka haka kawai, don haka ko muzuru ne, ko gafiya, ko maciji, ko kwarkwasa, ko kuma ƙananan jajayen ƙwarin da ke ɓuya a tsagar katako da rana su fito shan jini da dare. A shafa farin ƙyalle ƙarƙashin sandar kwanansu, in ya fito da ɗigon ja to su ne, sai a nemi maganin feshi wurin likitan dabbobi. Haka nan numfashi mai ƙara kamar minshari, da atishawa, da buɗe baki ana jan iska, alamun ciwo ne. A ware kazar a kira likita, musamman da hunturu lokacin da cutar Newcastle, annobar da ke kashe kaji, ke yawaita. Rigakafinta na samuwa, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos na sarrafa shi, kuma akwai wanda ake ɗigawa a ido bayan kowane wata uku zuwa huɗu.

Kazar da ta shiga kwanci takan kumbura ta yi ƙara in an kusance ta, ta kuma hana sauran shiga gurbi. Ko a sa mata ƙwai masu zakara ta kwanta kwanakinta 21, ko a ware ta 'yan kwanaki a keji mai ragar waya a ƙasa, cikin inuwa, da abinci da ruwa. Tsoma ta a ruwa ko soka mata gashi a hanci azabtarwa ce, haka ɗaure baki ko wuya da roba, wanda kan shaƙe ta. Idan kuma kaza ta soma cara irin ta zakara, wasu na camfa abin, alhali yawanci mahaifar ƙwanta ta hagu, wadda ita kaɗai ke aiki, ita ce ta samu matsala, ko kuma ta zama shugabar garken da babu zakara.

Idan an yi duk wannan wata guda babu sauƙi, to halin kazar ne. A iya abin da na lura, ƙananan kaji marasa nauyi sun fi firgita da surutu, manya masu jiki irin nau'in da ake kira Noiler sun fi natsuwa. A kai mai surutun wurin dangi a ƙauye, ko a musanya ta a kasuwa, ko a yanka, kuma duk wadda za a kawo a madadinta a ware ta mako biyu kafin a haɗa ta da sauran.