Darasi na 9: Yaronku a Ajin Share Fage

Iyaye da yawa sukan kai yaro ajin share fage, bayan wata biyu su buɗe littafinsa su tarar babu komai sai zane-zane da layuka karkatattu. Sai ran maigida ya ɓaci, ya ce an yi asarar kuɗin littafi da na kayan makaranta, tunda waƙa da wasa kawai ake yi. A wannan darasi za mu duba abin da ke cikin wasan nan, da kuma aikin da ya rage wa gida.

Ajin share fage shi ne wanda yaro ke zama kafin aji ɗaya na firamare. A Najeriya, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, sannan tsarin ilimi na ƙasa na 2013 ya ware shekara ɗaya ga yaro mai shekara 5, kafin ya shiga firamare yana da 6. Shi ya sa za ku ga wannan aji a harabar firamaren gwamnati da yawa. A Ghana shekara biyu ake yi, daga shekara 4. Irin wannan makaranta ta samo asali ne a Jamus, inda wani malami, Friedrich Froebel, ya kafa ta wajen 1840, kuma tun farko a kan wasa da waƙa da aikin hannu ya gina ta.

Baki da kunne kafin alƙalami

Abu na farko da yaro ke koya shi ne saurare da magana. Ya ji labari ya riƙe shi, ya faɗi abin da ya fara faruwa da abin da ya biyo baya. Ya gane cewa "baba" da "bante" da sauti ɗaya suka fara, "kaza" da "ƙasa" kuwa kowanne da nasa. Yaron da kunnensa ya saba rarrabe sauti, ranar da aka nuna masa harafi a allo ba zai sha wuya ba, domin harafi alamar sauti ce kawai. Ku da kuke zaune a wannan aji na karatun manya kun san haka fiye da kowa: ba ku iya bambanta ɗ da d a rubuce ba sai da kunnenku ya fara bambanta "ɗaki" da "daka".

Nan ne gida ya fi makaranta ƙarfi. Malama ɗaya tana fama da yara cike da aji, ba za ta iya hira da kowa ba. Uwa kuwa tana da tsakar gida da dare. Idan ta ce "Ga ta nan ga ta nanku", yara suka amsa "Ta zo mu ji ta", darasi ya fara. Bayan an gama labarin Gizo da Ƙoƙi, kada a tashi haka nan. A tambayi ƙaramin: "Me ya sa Gizo ya gudu? Da kai ne, yaya za ka yi?" Gobe kuma a ce shi ya ba da labarin, ko da zai tsallake rabi. Haka kacici-kacici. In kika ce "Baba na ɗaka, gemu na waje", ki bar shi ya yi ta lalube har ya kalli murhu ya ga hayaƙi yana fita. Wannan laluben shi ne tunanin da makaranta ke nema.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa a fili. A gidajenmu da yawa uwa tana jin kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta sakewa da shi a gaban mutane. Alkunya tarbiyya ce, ba mai cewa a yar da ita. Amma ɗan fari ma yana bukatar wanda zai yi masa hira ya amsa tambayarsa. In bakinki ya yi nauyi a gaban surukai, ki yi masa a ɗaki, ko kaka da goggo su ɗauki wannan aiki da gaske. Kuma a yi masa magana da harshen gida. Yaron da ya ƙoshi da Hausa, ko Fulatanci, ko Kanuri, yana da abin da zai ɗora Turanci ko Faransanci a kai.

Hannu da lissafi

Layukan nan karkatattu da suka ɓata wa maigida rai, horon yatsu ne. Kamar yarinya mai koyon tuƙin tuwo, sai hannu ya yi ƙwari kafin muciya ta bi shi. Don haka ake sa yara zane, da yayyaga takarda, da mulmula yumɓu, da zura duwatsun wuya a zare. A gida a bar shi ya ɓare gyaɗa, ya tsince wake, ya sa maɓallin rigarsa da kansa, ya yi zane a ƙasa da tsinke ko a bango da gawayi inda aka yarje masa. Kada a danne hannunsa a tilasta masa cika shafi da haruffa yana kuka.

Yaron da ke zuwa makarantar allo ko Islamiyya yana koyon rubutu daga dama zuwa hagu, a boko kuma daga hagu zuwa dama. In kun ga ya juya harafi, ko ya rubuta b a wurin d, ba daƙiƙanci ba ne. Yara masu wannan shekaru sukan yi haka ko'ina. A sa masa ɗigo a gefen da zai fara, a nuna da yatsa.

Lissafi kuma ba rera "ɗaya, biyu, uku" har ɗari ba ne. Yaro yana iya rerawa kamar waƙa, amma ka ce ya miƙo cokali huɗu ya kwaso bakwai. Abin da ake so shi ne ya taɓa abu ɗaya ya faɗi lamba ɗaya, kuma ya gane cewa lambar ƙarshe ita ce yawan abin. Ki zuba ƙwallon dabino biyar a faifai, ya ƙirga yana turawa gefe ɗaya bayan ɗaya. Ki ɗauke biyu ki rufe a tafin hannu, ki ce saura nawa. Ki baza su, ki sake tara su, ki tambaye shi ko sun ƙaru. Da fari zai ce bazazzun sun fi yawa. Ki bar shi ya sake ƙirgawa ya gano da kansa. Uba ma, in ya tafi da shi kasuwa ko gona, ga awaki, ga buhuna, ga kwanon awo babba da ƙarami.

Zama da mutane

Sauran abin da ake koya a ajin shi ne jiran layi, da raba abin wasa, da neman izinin zuwa bayi, da wanke hannu da sabulu, da rabuwa da uwa na 'yan sa'o'i. Kukan makon farko ba abin tsoro ba ne. Ki yi masa sallama a fili ki ce za ki dawo, kada ki sulale ta baya, kuma a zo ɗaukarsa a kan lokaci. Kada a riƙa tsorata shi da cewa malam zai zane shi, don yaron da ya shiga aji da fargaba bakinsa ba ya buɗewa.

Abin da jiki ke bukata

Yaro mai jin yunwa ba ya fahimta. Ko koko da ƙosai ne, ko ɗumamen tuwo, ya sa wani abu a ciki kafin ya fita. Masana lafiya sun ce yaro mai shekara 3 zuwa 5 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a yini da dare, har da na rana, kuma a cikin gidan sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2019, ta ce yaro mai shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon waya ko talabijin. Waya tana sa yaro shiru, amma ba ta amsa masa tambaya. A adana katin rigakafi da takardar haihuwa wuri ɗaya, don makaranta takan nema. In yaro yana matso da littafi dab da ido, ko sai an ɗaga murya yake waiwayowa, ko kunnensa yana zubar ruwa, a kai shi asibiti tun kafin a fara ce masa mara ji.

Ku je ku ga malama

Rashin iya karatu sosai ba ya hana uwa ko uba shiga makaranta. Ku je ku gaisa: "Malama, sannu da aiki. Yaya yarinyar nan take a aji? Tana magana? Tana wasa da 'yan uwanta? Me zan riƙa yi mata a gida?" Ku faɗa mata abin da ba ta sani ba, kamar rashin lafiyar da yaro ke fama da ita, ko in bahago ne, don kada a tilasta masa sauya hannu. 'Ya mace da ɗa namiji duka a kai su, kuma a bi sawunsu daidai.

Aikin wannan mako

Ku rubuta sunan yaronku da manyan haruffa a kwali, ku liƙa inda idonsa zai kai. Ku nuna masa harafin farko, ku nemi abubuwa uku a gida da suka fara da wannan sauti. In za ku yi aikin gida na wannan aji, ku zauna kusa da shi a tabarma ɗaya, ku ba shi tasa takardar. A zama mai zuwa kowa ya zo da tatsuniya ɗaya da ya ba yaronsa, da tambayar da yaron ya yi masa, za mu rubuta su a allo.