Sola a Gidan Bauchi: Yadda Za Ka Yi Lissafi Kafin Ka Zuba Kuɗinka

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, maigida da yawa a Bauchi ya jingine janareta ya koma tambayar kuɗin sola. Kafin ka taka zuwa kasuwar Wunti, zauna da biro da takarda, domin ɓarnar da ta fi yawa a wannan harka daga rashin ƙidaya kaya take faruwa.

Rubuta duk abin da kake son kunnawa, da wat ɗinsa, da awowin da yake yi a kunne. A ce ƙwan fitila shida ne masu wat 10, awa shida, wat-awa 360 ke nan. Fankar silin uku masu wat 70, awa goma saboda zafin bazara, 2,100. Talabijin da dikoda, wat 100 na awa biyar, 500. Firji madaidaici yakan sha kamar 1,200 a yini, cajin wayoyi kuma 100. Jimla 4,260. Ƙara kashi ɗaya bisa huɗu saboda wutar da ke salwanta a waya da inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida) da batir, ka samu wajen 5,300.

Bauchi na samun rana mai ƙarfi ta kusan awa biyar zuwa shida a yini. Raba 5,300 da biyar, ya ba ka wat 1,060. Kada ka tsaya daidai nan, domin a watan Agusta hadari kan rufe sama kwana biyu a jere, kuma a Afrilu farantin da ya yi zafi ƙarfinsa raguwa yake yi. Faranti uku masu wat 450 sun fi kwanciyar hankali.

Batir ne ke cinye kaso mafi tsoka na kuɗin, shi ne kuma ke fara mutuwa, don haka a nan ake nutsuwa. Batir mai ruwa na bolt 12, mai lamba 200Ah, yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, amma rabi kaɗai ya kamata ka sha. Idan kullum sai ka zuƙe shi ƙurmus har inbata ta yi kuka, ba zai kai shekara biyu ba. Gidan da muka lissafa zai buƙaci guda huɗu, a haɗa su su ba da bolt 48. Ana duba ruwansu duk wata, a ƙara ruwan batir tatacce, ban da na famfo ko na leda, kuma a ajiye su inda iska ke shiga. Ɗakin da aka rufe ruf a bazara dafa batir yake yi. Kada ka haɗa tsoho da sabo, tsohon zai ja sabon ƙasa.

Batir ɗin litiyam mai wat-awa 5,000 guda ɗaya zai yi aikin waɗancan huɗun. Ana iya shan kashi 80 cikin ɗari nasa, ba ya buƙatar ƙarin ruwa, kuma mai kyau yana haura shekara takwas. Ya fi tsada a ranar saye, amma wanda zai iya, shi ya fi, domin kafin ya gaji ka canja masu ruwa sau biyu ko uku. Sai dai ka nemi takardar garanti, ka kuma sa a gwada shi a gabanka, saboda akwai masu sabunta kwali a kan tsohon kaya.

Inbata mai 3.5kVA ta wadatar. Firji da famfon rijiyar burtsatse suna jan wuta ninki uku ko fiye a lokacin tashi, shi ya sa ƙaramar inbata ke tsinkewa. A tabbatar kwantirolar caji MPPT ce, wato irin da ke tatso mafi yawan wuta daga faranti, kuma bolt ɗin farantan ya dace da abin da aka rubuta a jikinta. Dutsen guga da hita da kurfotin lantarki kuwa a cire su daga layin sola gaba ɗaya, a bar su a layin kamfanin wuta na JED. Famfo a kunna shi da tsakar rana, lokacin da farantan ke ba da wuta kai tsaye.

Wajen kafawa, farantan su fuskanci kudu, a karkace kamar digiri 10 zuwa 15. A bar tazarar taƙi guda tsakaninsu da kwano don iska ta ratsa. A ɗaure su da ƙarfe da noti a jikin katakon rufi, domin guguwar farkon damina na ɗauke wanda aka ɗaure da waya. Inuwar reshen darbejiya ko ta tankin ruwa a kan faranti ɗaya tana rage ƙarfin duk layin. Waya ta zama ta jan ƙarfe zalla, milimita 6 daga rufi, 25 ko fiye tsakanin batir da inbata. Siririyar waya zafi take yi, daga nan gobara ke tashi. A sa bireka, a kuma kafa ƙarfen asin a ƙasa saboda tsawa. Da hunturu, shafa yatsa a kan faranti za ka ga jar ƙura, a wanke duk mako da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.

Ribar tana ga abin da solar ta maye. Janareta mai 2.5kVA yana shan kamar lita ɗaya a awa. Awa biyar kowane dare lita 150 ke nan a wata, 1,800 a shekara. A ce lita naira 1,000 ce, miliyan 1.8 ke nan, ban da baƙin mai da kuɗin makanike. Idan duk aikin ya tashi a miliyan uku, kafin shekara biyu ka mayar da kuɗinka. Amma in da wutar gwamnati za ka auna, ko a rukunin A na masu samun wuta mafi yawa, da aka kai naira 225 kowane yunit (wat-awa 1,000) a Afrilun 2024, yunit huɗu a rana bai wuce naira 27,000 a wata ba, kuma mayar da kuɗin zai kusa shekara goma. Don haka wanda layinsa ke samun wuta sosai ya sayi batir da inbata tukuna, ya ƙara faranti daga baya.

Farashi na bin dala, saboda haka ka karɓi lissafi a rubuce daga masu aiki uku, kowane kaya da sunansa da girmansa, kuɗin aiki daban. Ka riƙe wani ɓangare na kuɗin aikin har sai solar ta kwana uku tana kai ku asuba.