Yadda ake sikanin jijiyoyin wuya don gano toshewar da ke kawo shanyewar ɓarin jiki

Kunna na'urar sikanin (ultrasound) da shafa jel kowa ya iya, ba zan tsaya a kansu ba. Ka ɗauki kan na'ura mai miƙaƙƙen baki, na megahaz 7 zuwa 12, ka ajiye mai lanƙwasa na awon ciki. Mara lafiya ya kwanta rigingine ba matashi, ya ɗan ɗaga haɓa, ya kau da fuska daga gefen da za ka duba.

Fara daga gindin wuya, ka bi babbar jijiyar jini ta wuya, wato karotid, sama har inda ta rabu biyu a ƙarƙashin muƙamuƙi. A wannan mararraba kitse ya fi daskarewa a bango, daga nan kuma ɓarɓashinsa ke ɓallewa ya toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Reshen ciki, mai kai jini ƙwaƙwalwa, shi ne abin nema. Ya fi kauri, ba ya fitar da rassa a wuya, jininsa kuma ba ya yankewa tsakanin bugun zuciya. In ka yi kokwanto, ƙwanƙwasa jijiyar gaban kunne da yatsa: zanen Doppler, wato zanen gudun jini a allo, na reshen waje zai yi rawa.

Inda sababbin hannu ke faɗuwa shi ne kusurwa, wato wadda ke tsakanin sautin da na'ura ke aikawa da hanyar jini. Na'ura ba ta san gudun jini ba sai ka faɗa mata inda jinin ya dosa. Ɗan layin nan da ke tsakiyar wurin awo dole ya kwanta daidai da hanyar jini, kusurwar kuma kada ta haura digiri 60. Na sha ganin ɗalibi ya bar layin a karkace saboda zanen ya fito da kyau. Ga abin da hakan ke jawowa: in kusurwar gaskiya 60 ce, kai kuma ka sa 70, gudun santimita 160 a daƙiƙa zai koma wajen 234. Jijiyar ba ta canza ba, amma ka ɗauke mutum daga rukunin matsakaiciyar toshewa ka kai shi rukunin da ake maganar tiyata. Maimakon murɗa layin, ka danna goshin kan na'urar ko dugadugansa har jijiyar ta karkata a allo. Ni a 60 nake tsayawa duk lokacin da ya yiwu, don awon bana ya yi daidai da na baɗi. Kuma ka zaga da wurin awon cikin matsatsin, gaba da baya, har ka ji sautin ya fi kaifi. Awo ɗaya a tsakiyar jijiya ba awo ba ne.

Ma'aunin da masana suka amince da shi a Amurka, aka wallafa a 2003, shi aka fi bi. Ƙololuwar gudu a reshen ciki ƙasa da santimita 125 a daƙiƙa, toshewar ba ta kai kashi 50 ba. 125 zuwa 230, kashi 50 zuwa 69. Sama da 230, kashi 70 ko fiye. Raba gudun reshen ciki da na babbar jijiya: in sakamakon lissafin ya haura 4, ya ƙarfafa zargin toshewa mai tsanani. Hattara da jijiyar da ta kusa rufewa, gudunta kan faɗi ƙasa, sai ka rage sikelin launin da ke nuna jini a allo ka nemi ɗigon jinin da ya rage.

Lambobin nan na da nauyi. A binciken NASCET na 1991 kan tiyatar wannan jijiya, cikin masu alamun shanyewar jiki da toshewar kashi 70 zuwa 99, kashi 26 na waɗanda aka bari kan magani sun samu shanyewar jiki daga lahanin ƙwaƙwalwa ta gefen jijiyar cikin shekara biyu, waɗanda aka yi wa tiyata kuwa kashi 9. Hoton CT na jijiya yana tabbatarwa, amma kuɗinsa ba kowa ba, don haka rahotonka ne sau da yawa likita zai riƙe.

Sauran da sauri: duba jijiyar da ke bin ƙashin wuya ko jininta sama ya nufa, ka maimaita komai a ɗaya gefen, ka rubuta ko kitsen baƙi ne mai laushi ko fari mai inuwa. Wanda bakinsa ya karkace ko idonsa ɗaya ya yi duhu kwanan nan, ka kira likitansa a ranar, domin tiyatar ta fi amfani cikin mako biyu.