Yadda furotin ke narkewa a ciki har ya shiga jini, mataki-mataki

Furotin ɗin da ke cikin nama, ƙwai, wake ko madara ba ya shiga jini a yadda aka ci shi. Dogon jeri ne na ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, iri 20, kamar duwatsun wuya a zare, ga shi kuma a cukurkuɗe. Sai an tsinka shi gutsi-gutsi kafin hanji ya iya tsotsewa.

Matakin farko a hannunka yake: dafa abincin. Zafi ne ke fara warware cukurkuɗin. An gwada a jikin mutane an ga furotin ɗin dafaffen ƙwai yana narkewa kusan kashi 90 cikin 100, na ɗanye kuwa kusan rabi kawai. Ke nan masu kwankwaɗar ɗanyen ƙwai don neman ƙarfi asara suke yi. Shi ma wake yana da sinadarin da ke hana narkewar furotin, kuma dahuwa ce ke karya lagonsa.

Sai tauna. Miyau ba shi da abin da ke narkar da furotin, aikin baki niƙa ne kawai, amma gwargwadon laushin lomar, gwargwadon sauƙin aikin da ke gaba.

Da lomar ta faɗa tumbi sai ta tarar da asid mai ƙarfi. Asid ɗin yana ƙarasa miƙe jerin, yana kuma tayar da wani sinadari mai suna fefsin, wanda Bajamushe Theodor Schwann ya gano a 1836. Fefsin yakan datse dogon jerin zuwa gajeru cikin sa'o'i biyu zuwa huɗu da abinci ke yi a wurin. Mutane da yawa sun ɗauka a nan ake gama komai. Ina! Kason tumbi bai wuce ɗaya cikin biyar na aikin ba. Shi ya sa wanda aka cire wa tumbi a tiyata bai daina narkar da furotin ba.

Babban aikin a farkon ƙaramin hanji yake. Fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, yana kwararo ruwan da ke kashe kaifin asid, tare da sinadaran narkarwa irin su tirifsin da kimotirifsin. Abin sha'awa shi ne a kulle yake turo su, don da a buɗe suke da shi kansa za su fara ci. Sai sun iso hanji wani sinadari da ke jikin bangonsa ya buɗe tirifsin, shi kuma ya buɗe sauran. Wasunsu suna yanka daga tsakiyar jerin, wasu suna ɓantara ɗaya-ɗaya daga ƙarshe. Idan aka yi rashin sa'a suka buɗe tun suna cikin fankiriyas, kumburi mai tsananin ciwo ke biyo baya.

Bangon hanjin cike yake da ƙananan abubuwa masu siffar yatsu da ke kama abinci, kuma a kansu ake ƙarasa yankan. Amino asid ɗaiɗaiku suna shiga ƙwayoyin bangon, galibi tare da sodiyam. Guntayen da suka rage bibbiyu ko uku-uku suna da tasu ƙofar, a can ciki ake raba su. Har sinadaran da suka yi aikin da matattun ƙwayoyin bangon ba a barinsu, su ma furotin ne, ana narkar da su a tsotse.

Daga nan jini ke kwasar su kai tsaye zuwa hanta, ta ɗebi nata ta saki saura zuwa tsoka, fata da sauran sassa. Tara daga cikin amino asid ɗin jiki ba ya iya haɗa su, dole a ci su a abinci. Baligi mai lafiya yana bukatar kimanin giram 0.8 na furotin a kowane kilo na nauyinsa kullum. Abin da ya yi yawa ba a taskace shi a matsayin furotin: hanta tana cire naitirojin ɗinsa ta mayar da shi yuriya, ƙoda ta fitar a fitsari, ragowar kuma a ƙone don kuzari ko ya koma kitse.