Yadda ake zana jarumi mai raina mata ba tare da littafin ya goya masa baya ba

Matasan unguwannin Nima, Mamobi da Madina na Accra masu zana labaran jarumai a littattafan hoto sukan cije a wuri ɗaya. Suna son jarumi mai kama da samarin da ke shan ataya a unguwa, mai zuciya, mai taimako, amma wanda maganar mace ba ta da nauyi a kunnensa. Wasu sai su wanke shi tas har ya daina kama da mutum. Wasu su bar shi da halinsa, labarin kuma ya yi ta tafa masa. Abin da muke so shi ne jarumin ya raina mata, littafin kuma ya san cewa wannan aibi ne, kamar rowa ko girman kai.

Littattafan Amurka sun nuna bambancin tun da daɗewa. Jaruma Wonder Woman ta fito a 1941, ta fi yawancin mazan ƙungiyar jarumai ta Justice Society ƙarfi, amma a 1942 aka ba ta aikin sakatariya, kuma babu wanda ya ga laifin haka a cikin labarin. Nan rainin na marubuta ne. A 1980, a fitowa ta 200 ta littafin Avengers, an tafi da jaruma Carol Danvers tare da mutumin da ya juya mata hankali, abokanta suna yi mata fatan alheri. A 1981 marubuci Chris Claremont ya dawo da ita, ya tsayar da ita gaban abokan nan ta faɗa musu yadda suka yi watsi da ita. Jaruman ba su canja ba, littafin ne ya buɗe ido. Wannan na biyun shi ne aikinku.

Ku fara da zaɓar irin rainin, kada ku tara masa duka. Ɗaya ko biyu sun isa: katse mace tana magana, karɓe yabon aikin da ta yi, ko hana ta fita fagen daga da sunan kariya. Na ƙarshen ya fi amfani, domin mai yin sa yana ganin alheri yake yi, mai karatu ma zai ɗan jima kafin ya gane. Ku rubuta wa kanku a gefe inda ya koyi halin, gida ne ko wajen abokai. Bayani ne wannan, kada ya zama uzuri a shafi.

Sai rabon shafuka. Littafin da za a ɗinke da waya a tsakiya dole shafukansa su rabu huɗu-huɗu, don haka a ce 24. Tsakanin shafi na 3 da na 5 a nuna halin sau ɗaya, a ƙaramin abu. Misali, mai sayar da waakye (shinkafa da wake) da ke tashi tun kafin asuba ta gaya wa jarumin cewa wani ya toshe babbar kwata da gangan, ta ga motar da idonta. Shi kuma ya ce, "Mma, ki ji da tukunyarki," ya tashi sama. Wajen shafi na 12 zuwa na 14 ruwa ya sauko, ya tarar maganarta gaskiya ce, kuma lokacin da zai iya hana ɓarnar ya wuce. Daga shafi na 18 a yi fito-na-fito. Idan raini bai jawo asara a cikin labarin ba, mai karatu zai ɗauke shi ado ne na jarumta.

A nan ake yawan faɗawa rami, sai a kula da wanda asarar ta hau kansa. Hanya mafi sauƙi ita ce a ji wa matar ciwo ko a kashe ta don jarumi ya yi nadama. A 1999 marubuciya Gail Simone ta tattara jerin mata da aka kashe ko aka naƙasa a irin waɗannan littattafai, bayan wata fitowar littafin Green Lantern ta 1994 da jarumin ya tarar an kashe budurwarsa an cusa ta cikin firji. Idan kuka bi wannan hanya, kun mayar da matar allon karatunsa, rainin ya tashi daga kansa ya dawo kanku. Asarar ta faɗa kan shi jarumin: mutanen unguwa su daina kawo masa labari, magajiya ta hana shi shiga taron mata, abokiyar aikinsa ta yi nasara ba tare da shi ba.

Zane kan tona abin da rubutu ya ɓoye, shi ya sa za mu daɗe a kansa. Duk lokacin da ya faɗi maganar raini, akwatin hoton da ke biye ya zama na fuskarta, ba tasa ba, kuma kada ya fi nasa ƙanƙanta. A shafi mai akwati biyar ko shida, ku ba ta na ƙarshe, domin wanda ya rufe shafi shi ake ɗauka mai gaskiya. Kada ku zana shi daga ƙasa yana cika akwati a wannan lokacin, kallo daga ƙasa girma yake ba mutum. Amsarta mafi nauyi ku ajiye ta a shafin da sai an juya takarda ake gani. Magana a da'ira ɗaya, wato zagayen da ake rubuta zancen mutum a ciki, kada ta wuce kalma 25, in ta wuce ta zama wa'azi. Sannan jiki: idan kun zana jaruma tana faɗa amma ƙugu da ƙirji ne suka cika akwatin, ku sake zana tsayuwar nan da namiji. In ta zama abin dariya, tsayuwar ba ta faɗa ba ce, a goge.

Harshe ma haka. Jarumin na iya cewa "ke yarinya" ga matar da kowa ke kira Hajiya, amma rubutun mai ba da labari a saman akwati kada ya kwaikwaye shi, ya kira ta da sunanta da girmanta. Idan zai fake da addini ko al'ada, a samu wani a labarin, malami ko malama, da zai ba shi amsa da ilimi, kuma ku tambayi masu sani kafin ku sa musu magana a baki.

Kada ku ɗora halin kan mugu kaɗai. Mai karatu ya riga ya ƙi mugu, ba zai ga kansa a jikinsa ba. Kada kuma jarumi ya tuba a shafi ɗaya a ba shi auren matar a matsayin lada. Hali zanen dutse ne, gyaransa sai a hankali: a fitowa ta biyu ya sake katse ta, ya lura, ya yi shiru. A ta uku ya faɗi sunanta gaban sarkin Zango a matsayin wadda ta gano makircin. Ita kuma tana da ikon ƙin yafewa.

Kafin ku kai aikin wajen masu ɗab'i a unguwar New Town, ku ƙirga da'irorin magana, nawa na maza nawa na mata, ku duba ko akwai shafin da mata biyu ke zancen abin da ba jarumin ba. Sannan ku buga samfur a farar takarda ku ba mata uku masu shekaru daban-daban, ba tare da yi musu bayani ba. Ku tambaye su me matar nan take so wa kanta, kuma wa littafin ya ba gaskiya. In sun kasa amsa ta farko, ku ƙara mata shafi. In sun ce jarumin, ku koma shafi na 12 ku ƙara nauyin asarar.